Kafin Ka Rataya Bakan Mas'udu

Da sunan Allah nake farawa, mai tsare wanda ya fita da wanda ya zauna. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, wanda muke cin arzikin zama a garin haihuwarsa. Daga mahaifinka Garba, mai ɗibar ruwa a Utaibiyya, zuwa ga ɗana Sale. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah takardar nan ta same ka da zuciya mai sanyi, ba irin wadda ka tashi da ita daga gabana ba. Allah ya kiyaye ƙafarka a hanya, ya kiyaye hannunka daga abin da za ka yi kuka a kansa.

Na ɗauki alƙalami ne saboda baki ya gagare mu. Duk sanda na taso da maganar nan sai ka juye Larabci, ni kuwa Larabcina na ciniki ne, bai isa gardama ba. Takarda dai ba a katse mata magana. Ka bi ta a hankali, na san ajami yana ba ka wuya. In ka ci karo da kalmar da ta fi ƙarfinka, ka tsallake ta, ka tambaye ni daga baya. Kada ka kai wa Mas'udu ya karanta maka.

Labarin gida ba ni da wanda zan ba ka, a cikinsa kake. Ka san tun da Nasara suka kama yaƙinsu jiragen ruwa suka yi ƙaranci, alhazai ba sa zuwa yadda suka saba, mai dako da mai ruwa duk mun koma kallon juna. Don haka ban ga laifinka ba da ka ce za ka fita neman na kanka. Da ka ce farauta kuwa, wallahi sai da zuciyata ta yi tsalle, ɓoye maka kawai na yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne mutumin da za ka bi, da abin da ya ɗora maka a kafaɗa.

Mas'udu dillali, na can ƙarshen unguwar Kudai, ya ce zai fita da kai bayan duwatsu ku harbo bareyi, ya sayar a gidajen masu hali, ku raba. Ya ba ka wannan bakan nasa da ni nake kira bakan kwance: baka a gicciye kan itace kamar gindin bindiga, da kunama a ƙasa wadda yatsa ɗaya ke taɓawa. Ya ce a hannun wani alhajin gabas mai nisa ya saye shi, wanda guzuri ya ƙare wa. To, haka ya ce. Nawa kuma, bakan tsaye irin na kakanninka, yana rataye a ɗaki cikin fata tun ba a haife ka ba. Ba ka tambaye ni wanne za ka ɗauka ba, gaya mini ka yi. Duk da haka ga amsata.

Zan fara da yi wa bakan nasa adalci, kada ka ce tsoho ya ƙi abu don bai san shi ba. Ranar da ka fita kasuwa na sauko da shi, na juya shi ciki da bai. Wanda ya sassaƙa shi gwani ne, ba ni da ja. Yana tura kibiya da ƙarfi, kuma a miƙe. Ba ya cin kafaɗa, don itace ne ke riƙe maka tsirkiya, kai hannunka yana hutawa. Kana kwance rub da ciki za ka harba, ba sai ka tashi a gwiwa dabba ta hango kanka ba. Wanda bai taɓa riƙe baka ba ma, in ya yini yana gwadawa a jikin tsohon buhu, zai fara samu. Ni kuwa shekaru na yi tsirkiya tana zane mini damtse kafin kibiyata ta yarda ta je inda idona yake. A ƙasar nan da babu itacen ƙwanƙwani balle a dafa dafin kibiya, ƙarfin kibiya ba abin rainawa ba ne. Duk wannan na yarda da shi.

Ga kuma aibinsa na fili, ka riƙe su. Nauyi gare shi, kai kuwa dutse za ka hau da shi. In ka kuskure, kafin ka taka shi da ƙafa ka sake jawo tsirkiya, barewa ta shiga wani kwarin, ni a daidai wannan lokacin na saki kibiya ta biyu. Kibansa gajeru ne masu kauri, kyauron da muka sani ba ya zama a kansa. In sun ƙare, wurin wa za ka samo wasu in ba wurin Mas'udu ba? In kunamar ta karye, zaga maƙeran garin nan kaf ka nuna mini wanda ya taɓa ganin irinta. Makamin da mutum ɗaya ne kaɗai ke da abincinsa, na mutumin nan ne, ko da a kafaɗarka yake kwana. Nawa itace ne da igiya, ko'ina ka tsinci kanka za ka gyara abinka.

Amma babban aibinsa shi ne abin da ka fi yabo a gare shi, wato yana zama a ɗane. A nan sai na ba ka labarin wautata ta farko.

Ina saurayi kamarka, a ƙauyenmu na ƙasar Ningi, a hannun Baffa Nomau ƙanin mahaifina na koyi harbi. Abin da na tsana a sana'ar shi ne kwanto: ka lafe a ciyawa tun sanyin safe, tururuwa na cizonka, ba ka da ikon ko susa. Sai wani baƙo da ya sauka a garinmu ya nuna mini dabara. Ka kafa turke a bakin hanyar da namun daji ke bi zuwa ruwa, ka ɗaure baka a jikinsa a kwance, ka ja tsirkiya ka maƙale ta da ɗan tsinke, ka gitta zare a hanya. Ya ce in ɗana in tafi gida in ci tuwona, baka ya yi mini aiki. Na ji abin ya yi mini daɗi ƙwarai. Ban gaya wa Baffa ba na je na ɗana, har da kibiya mai dafi.

Da gari ya waye na ruga in ɗauki nama. Abin da na tarar kwance shi ne Duna, karen Baffa, wanda ya bi sawuna don yana sona. Har yau in na tuna yadda ya kaɗa mini wutsiya yana mutuwa, sai in ji abinci ya fita raina. Baffa bai doke ni ba, da ma ya doke ni. Bakansa ya miƙo mini, ya ce in ja har kunne, in auna wata kuka, kada in saki sai ya ce. Na ja, na riƙe. Ya tsaya yana kallona, ya ƙi cewa in saki. Hannuna ya fara rawa, gumi ya shiga idona, da na ga ba zan iya ba na sauke.

Ya ce, "Ka gani? Hannu yana gajiya ya sauke. A cikin gajiyar nan mutum yake sake duban abin da zai kashe. Turke ba ya gajiya."

Sannan ya tuna mini cewa matan ƙauyen ma ta hanyar nan suke bi ɗibar ruwa. To, Sale, bakan Mas'udu turken nan ne aka yi masa gindi ake yawo da shi. Da zarar ka ɗana, an gama yanke hukunci, saura yatsa. Jaki ya yi tuntuɓe, ko wani ya daka maka tsawa a kunne ya ce harba, kibiya ta tafi kafin ka ce bisimilla. In har ka ɗauke shi, kada ka yi tafiya da shi a ɗane, kada ka ɗana sai idonka ya ga dabba, ka san ko mece ce, ka san kuma a ƙasar wa take tsaye.

Wautata ta biyu ta ban dariya ce, innarka har yanzu tana yi mini tsiya da ita. Kai haifaffen Makka ne, ba ka san burtu ba. Tsuntsu ne babba baƙi mai jan maƙogwaro, a ƙasa yake yawo yana tsince-tsince, namun daji sun saba da shi ba sa gudunsa. Maharbanmu sukan sassaƙa wuyansa da itace su sa masa bakin na gaske, su ɗaura a goshi, su yafa baƙin zane, su yi ta rarrafe suna saran ƙasa kamar tsuntsun, har su zo kusa da barewa. Nawa burtun shi ya ciyar da ni da innarka a doguwar hanyar da muka biyo da ƙafa, ta Wadai har ƙasar Sudan. Na ɗauke shi tamkar ɗan'uwa.

Da muka sauke farali muka ga zama ya kama mu a nan, sai na ce bari in koma sana'ata. Na fita can bayan haddin Harami, wato iyakar ƙasar da aka haramta farauta a cikinta, ta ɓangaren Wadi Fatima, na hango bareyi a wani fili. Na ɗaura burtuna, na yafa zanena, na durƙusa. Ban tsaya na tambayi kaina ko akwai burtu a ƙasar Hijaz ba. Babu shi, Sale, ko ɗaya. Bareyin nan ba su taɓa ganin irin wannan halitta ba, kallo ɗaya suka yi mini suka zama ƙura. Ni kuwa ban gane ba, na ce iska ce ta kai musu warina. Na yi ta bin su ina saran duwatsu masu zafi har gwiwoyina suka saɓule. Ashe wani makiyayi Balarabe yana kan dutse yana kallona. Ya zura da gudu yana ihu wai ya ga ifiritu, ya dawo da 'yan'uwansa da sanduna. Sai da na fizge burtun daga goshina, na ɗaga hannu ina kalmar shahada da iyakar muryata, sannan suka tsaya. Suka yi dariya har da faɗuwa, suka ba ni nonon akuya, na dawo gida ina ɗingishi.

Abin da na koya a ranar ya fi abin da na rasa. Na farko, dabarar da ta ci a wata ƙasa ba lallai ta ci a wata ba. Bakan kwance, yadda na ga ƙirarsa, na ƙasar kurmi ne, inda dabba ke wucewa dab da maɓoyarka. Nan kuwa fili ne fetal, dutse da ƙaya. Na biyu, kuma shi nake so ka riƙe da kyau, barewar bayan haddi ba ta yarda da kowa ba. Wanda ta sani tana gudunsa, wanda ba ta sani ba tana gudunsa. Na yi shekaru ina bin su bayan wannan, ban taɓa samun wadda ta tsaya ta ba ni ƙirjinta ba. A haƙarƙari kake samun ta, ko a cinya tana gudu. Wuri ɗaya ne tak a ƙasar nan barewa ke tsayawa ta kalli mutum ido da ido, kai ma ka san wurin.

Ta uku ita ce ta raba ni da farauta. Innarka tana da cikinka, ba abin da ranta ke so sai nama, gidan kuwa ko mai babu. Na fita ta hanyar Tan'im, na yi abin da maharbi mai hankali ba ya yi: na tsaya farauta ina hango fararen alaman nan da aka gina don nuna iyakar Harami. Na ga wata barewa ita kaɗai. Ta yi nisa, na san ta yi nisa, amma fuskar innarka nake gani, sai na saki. Kibiya ta same ta a cinya. Ta ruga tana jan ƙafa, ta wuce tsakanin alaman, ta shiga ciki. Tana shiga ta tsaya cak, ta juyo tana kallona, jini na bin ƙafarta. Jifa ɗaya ne tsakaninmu. Na duba gabas na duba yamma, babu kowa sai ni da Allah.

Ba zan yi maka ƙarya ba, na sa kibiya ta biyu, na ja har kunne. Shaiɗan yana ce mini ai a waje ka fara harbin ta, taka ce, mutuwa ma za ta yi a banza. Na riƙe ina gardama da kaina, har hannuna ya fara rawar nan da ya yi a gaban Baffa Nomau. Na sauke don in huta in sake ja, kuma da na sauke ban iya sake ja ba. Da kunama ce a ƙarƙashin yatsana a ranar, ban san abin da zan rubuta maka yau ba. A wurin na kwance tsirkiyar bakana, na dawo gida hannu rabbana, washegari na nemi sanda da garwa biyu na shiga layin masu ruwa. Don haka kada ka yi harbin nesa don wani yana jiran nama a gida, kuma kada ka yi farauta inda idonka ke iya ganin alaman nan. Ka yi ta tafiya har su ɓace maka, sannan ka ƙara.

Yanzu sai maganar naman nan da ka yi fushi da ni a kansa, ka ce na kunyata ka a gaban mai gidanka. Ban yi maka bayani a lokacin ba saboda katangarmu ta kara ce, kunnen maƙwabta kuwa a jikinta yake kwana.

Mas'udu ya shigo mana da hantsi ɗauke da gaban barewa, da kai da fata, wai hadiyya ce, kyauta ga Baba. Tun a nan jikina ya ba ni. Yaushe rabon da Mas'udu ya ba wani ko dabino ɗaya don Allah? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Innarka ta yi murna, har ta ɗora tukunya, rabonta da nama tun layya. Ni kuwa idon maharbi ba ya tsufa ko da kafaɗarsa ta mutu. Na juya naman. Ramin kibiya yana nan a ƙirji, daidai ƙasan maƙogwaro, ya shiga a miƙe, kuma faɗinsa na gajerun kiban nan ne masu kauri. Kitse a jikinta kamar tunkiyar da aka turke, dabbar da ba ta san gudu ba ke nan. Idonta ko bushewa bai yi ba, a wannan zafin. Wannan barewa tsayawa ta yi tana kallon wanda ya kashe ta, kuma ba a yi doguwar tafiya da ita ba.

Na tambaye shi a ina aka samo ta. Ka lura da halin mutumin nan: in yana son abu a wurinka, Hausarsa ta fi ta Bakano zaƙi, in ka tambaye shi abu sai ya zama Balarabe. Tun shigowarsa Hausa yake zuba mini, Baba kaza, Baba kaza. Ina yin tambayar ya kaɗa hannu sama ya ce, "Ba'id, ya ammi, ba'id." Wai can da nisa. Bai ambaci sunan kwari ko dutse ba, kuma tabarma yake kallo.

Shi ya sa da ya fita na karɓe naman daga hannun innarka, na kai shi bayan dutse na binne. Abin da aka farauta a cikin Harami mushe ne, ko an yanka shi da bisimilla, yaran makarantar allo ma sun san wannan. Innarka ta sauke tukunyarta ta shiga ɗaki. Na ji kukanta, ya kuma ƙona mini rai, amma gara ta yi kukan nama.

Ka zauna ka yi wa kanka tambayoyin da na yi wa kaina. Mas'udu ya san masu bindiga a cikin Larabawa, me ya sa yake son makamin da ba ya ƙara? Me ya sa yake son wanda ake koya a yini ɗaya, ba maharbin da ya san ƙasa ba? Hannunsa laushi gare shi kamar na mai jego, ba shi ya harbi barewar nan ba. To wa ya harbe ta, kuma yana ina yanzu, da har ake neman sabon hannu? Na yi wannan tambayar a wurin shan gahawa, kowa ya sunkuya yana duban kofinsa. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da nake zato shi ne ba bayan haddi zai kai ka ba. Kwarurukan da ke bayan Kudai zai zaga da kai, inda bareyi ba su san tsoro ba, ya ce maka ai kun fita tuntuni, kai kuwa ba ka san ƙasar ba balle ka musa.

In askar, sojojin hukumar nan, suka yi arba da ku, a kafaɗar wa za su ga baka? Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mas'udu zai juye Larabci, ya ce shi ma hanya ce ta haɗa shi da wani Batakure, sunan da suke kiran mu baƙaƙen yamma. Kai ba ka da takarda, ba ka da wani babba da zai tsaya maka. Bayan bulala, jirgi za su sa ka su tsallakar da kai Sawakin, ƙasar da ba ka san kowa ba, ni da innarka kuma ba mu da ƙafar da za mu sake bin ka. Kai kaɗai Allah ya bar mana. Ko da kuwa babu askar ɗin da ya gan ku, yaya za ka yi da Mai Haramin? Mun taka ƙasa da ƙafa shekara da shekaru don mu zama maƙwabtan Ɗakinsa, ba don ɗanmu ya zubar da jinin abin da ya ba amana ba. Tsoro nake ji, Sale, na faɗa maka a fili.

Na san zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ina kuma neman gafarar Allah in na zalunci bawan nan. Ban gan shi da idona ba, rami kawai na gani a ƙirjin dabba. Don haka ban ce kada ka je ba, ka girma, in na hana ka ma ta bayan gida za ka fita. Gwaji nake so ka yi masa. Kafin ku bar Kudai ka kwance tsirkiyar bakansa a gabansa, ka sa ta a aljihu, ka ce ba za ka mayar ba sai kun wuce alaman hanyar Yaman ka taɓa su da hannunka. Sai ka dubi fuskarsa, ka kuma saurari harshen da zai amsa maka da shi. In ya ce to, Baba ya yi gaskiya, mu je, ka riƙe bakan kwancen ka yi sana'arka da shi, Allah ya sa albarka. Ni kuma zan taka har Kudai in roƙe shi gafara a gaban jama'a, ba zan ji kunya ba. In kuwa ya yi dariya, ya ce ma'alesh, wai ba komai, alaman sun yi nisa, ga wata gajerar hanya, to ka ajiye masa kayansa a gaban ƙafarsa ka juyo. Babu wanda zai yi maka dariya a gidan nan.

Bakana yana cikin tabarmarka, tare da kwari da takardar nan. Na shafe shi da mai, na murza masa sabuwar tsirkiya. Na so in ɗaura maka ita da hannuna, na taka shi na tanƙwara, kafaɗar nan da sandar ruwa ta cinye ta ƙi. Na zauna ina kallonsa kamar baƙo. Ba komai, dama a bayan haddi ya kamata a ɗaura ta, kai za ka yi. Ka sa gindinsa a cikin tafin ƙafarka, ka danna da gwiwa, kada ka yi masa gaggawa, ya daɗe yana barci. Za ka kuskure, za ka sake kuskurewa, tsirkiya za ta zane maka damtse, za ka zage ni a zuci. Ka bi iska ta fuskarka, ka sa rana a bayanka, kada ka tashi a gwiwa sai dabba ta sunkuyar da kai. In ka ja ka ji hannunka ya fara rawa, kada ka ji haushinsa, ka sauke ka sake dubawa.

Ka ce ran Alhamis za ku dawo. To, ran Alhamis ba zan ɗebi ruwan kowa ba. Zan ajiye garwata in kama hanyar Yaman da sandata, a hankali, har in kai alaman, in zauna a inuwar ɗaya daga ciki. Hanyar jaki ɗaya ce a wurin, duwatsu sun matse ta. Duk wanda ya fita haddi da gaske, ta gabana zai dawo. In ka ɓullo da nama, kada ka ji haushi in na duba raunin kafin in dubi fuskarka. In ka ɓullo hannu wofi, ni zan ɗaukar maka kwari har gida, in gaya wa duk wanda muka gamu da shi cewa ɗana ne. In kuwa na zauna har rana ta faɗi ba ka wuce ba, na dawo na tarar ka riga ni gida da nama, to kada ka ce mini komai, da Hausa ko da Larabci. Ka miƙo mini shi kawai. Na san wurin da na binne na farko, akwai sauran fili a gefensa.

Allah ya sa ta gabana za ka wuce. Allah ya raba ka da mugun abokin tafiya, da mugun dutse, da ƙishirwar da babu rijiya kusa. Ya sa abin da za ka ci da hannunka halal ne, kaɗan ko mai yawa. Innarka tana gaishe ka, ta ce ka sa hula saboda rana, ta ƙulla maka dabino a bakin zanenka. Na bar ka a hannun wanda ajiyarsa ba ta ɓata. Wassalamu.

Mahaifinka,
Garba